Na ɗaga i5-9600K zuwa 5 GHz, da sanyi lafiya lau, da zafi ya shigo sai shuɗin allo

"Assalamu alaikum malam. Ni mai montaj ɗin bidiyon biki ne nan Maradi, shagona yana unguwar Ali Dan Sofo. Kwamfutata ta tebur haɗa ta na yi: i5-9600K, kart mer (babban farantin da komai ke haɗe bisa shi) Z390, ram giga 16 DDR4 3200, kart girafik GTX 1660 Super, alim (na'urar da ke ba kwamfuta wuta) kuma mai wat 500 ne wanda ya zo tare da akwatin. Cikin watan Janairu na kalli wani bidiyo a YouTube na shiga BIOS (shafin saitin kart mer) na sa 50, ta koma 5 GHz, boltaj na bar shi Auto. Ta yi ta aiki ba matsala. Tunda zafi ya shigo kuwa in ina fitar da bidiyo a Premiere sai ta kawo shuɗin allo da rubutu WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR, wani lokaci ma ba ta nuna komai, ɗaukewa kawai take ta sake tashi da kanta. Na sake sa Windows amma har yanzu haka. Shin na ƙona furosesar ne? In ƙara boltaj ko in nemi sabuwa?"

Wa alaikumus salam ƙanena. In na fahimce ka da kyau, abu biyu kake son sani, ko furosesar ta lalace, da kuma me ya sa saitin da ya yi maka aiki da sanyi ya juya maka baya yanzu. To bari in fara kwantar maka da hankali, furosesar da ta ƙone ba ta buɗe Windows balle ta kai ka har cikin Premiere, don haka kada ka yi gaggawar kashe kuɗi. Kuma kada ka ƙara boltaj tukun, shi ne abin da kowa zai faɗa maka kuma a yanayin da kake ciki yana iya ƙara dagula lamarin. Sannan daga bayaninka ni ina zargin matsala biyu ce gare ka ba ɗaya ba, don shuɗin allo daban, ɗaukewa ba sallama daban, sau da yawa ba wuri guda suke fitowa ba.

Tun kafin komai, ka kwashe bidiyon mutane ka aje a wani diski na waje. Kwamfutar da ke faɗuwa tsakiyar rubuta fayil tana iya lalata fayil ɗin, kuma biki ba a maimaita shi, uwar amarya ba za ta saurari zancen BIOS ba.

Abin da ka yi a BIOS ɗin

Gudun furosesa lissafi ne mai sauƙi. Akwai agogon tushe da ke bugawa 100 MHz, sai lambar da ake ninka shi da ita, to ita ce ka mayar 50, 100 sau 50 ya ba ka 5000 MHz wato 5 GHz. Intel galibi ba ta barin a taɓa wagga lamba sai a furosesa mai harafin K a sunanta kuma bisa kart mer mai Z, kai kana da duka biyun shi ya sa ya yiwu. Masu kwamfutocin ofis na HP da Dell da Lenovo da anka cika kawo mana na hannu, su BIOS ɗinsu a kulle yake, kada ma su wahal da kansu. Ita 9600K ta fito ne a 2018, kor 6 gare ta, wato sassa shida masu aiki a cikinta, gudunta na tushe 3.7 GHz, tana iya kaiwa 4.6 in kor ɗaya ke aiki, in kuma duka shidan sunka ɗau kaya kamar lokacin fitar da bidiyo tana zama wajen 4.3. Ka riƙe wanga 4.3 ɗin don da shi ya kamata ka auna ribarka, ba da 3.7 da ke rubuce bisa kwali ba.

Daga 4.3 zuwa 5.0 ƙarin kusan kashi 16 cikin ɗari ne, shi ma a takarda, a aikin gaske bai cika kaiwa haka ba. Amma zafin da take fitarwa ba da kashi 16 yake ƙaruwa ba, nan ne mutane ke rikicewa. Wutar da furosesa ke ci tana tafiya ne da gudu sau boltaj sau boltaj. A ce misali tana aiki da 1.20 sai Auto ya kai ta 1.40 don ya riƙe 5 GHz, boltaj kaɗai ya ƙara kashi 36, ka haɗa da ƙarin gudun sai ka ga ta doshi ƙarin kashi 60 na wuta, kuma duk wutar da ta shiga zafi take komawa. Auto kuwa ba wayo gare shi ba, kart mer ba ta san ingancin taka furosesar ba, zato take, wani lokaci ta zuba boltaj fiye da kima, wani lokaci kuma lambar ta yi kyau in kwamfuta na zaune amma ta zube in aiki ya yi nauyi.

Me ya sa sai da zafi ya shigo

Wanda ka kalla a YouTube mai yiwuwa cikin ɗaki mai digiri 21 ko 22 yake zaune. Abin sanyaya furosesa, na iska ne ko na ruwa, ba ya ƙirƙiro sanyi, iskar ɗakin yake amfani da ita, don haka zafin furosesa kusan zafin ɗaki ne a ɗora masa wani adadi. In shi ya ga 80 a ɗaki mai 21, ƙarin 59 kenan. Kawo wanga saiti daidai shagon kwano a Maradi ƙarfe uku na rana cikin Afrilu ko Mayu inda ɗaki ke kai 39 ko 40, ka tashi da 98 ko 99, ita kuma 9600K iyakarta 100 ne, nan take fara rage gudu da kanta don ta tsira. Cikin Janairu ɗakinka ya yi kusa da nasa shi ya sa ka ga kamar ka ci nasara. Saitin bai taɓa zama daram ba, sanyin hunturu ne ya rufa masa asiri.

Kuma akwai abin da ba a cika faɗa ba, furosesa in ta yi zafi tana buƙatar boltaj fiye da na lokacin da take da sanyi kafin ta riƙe gudu iri ɗaya, sannan tana ƙara zubar da wuta a banza ta ciki, wanda shi ma zafi ne. Wato zafi na neman boltaj, boltaj na kawo zafi. Shi ya sa na ce kada ka ƙara. Ga kuma ƙurar hunturu da ta daɗe tana shiga akwatin tun Disamba, yanzu ta zama bargo tsakanin haƙoran ƙarfen abin sanyayawa. Ga ƴan ƙananan na'urorin da ke kewaye da soket ɗin furosesa, VRM, su ke sauke bolt 12 na alim zuwa ɗaya da ɗan wani abu, su ma suna ɗaukar zafi sosai kuma in kart mer ɗin mai arha ce cikin Z390 to su ne ke fara gajiya, da yawan mutane ba su taɓa duba zafinsu ba. Premiere kuma lokacin fitar da bidiyo tana amfani da umarnin AVX, masu matse furosesa fiye da wasa ko kallon fim, shi ya sa nan take faɗuwa ba a wani wuri ba.

Yadda ta faɗi shi ke nuna mai laifi

WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR, lambarsa 0x124, furosesar ce da kanta ke kai ƙara wurin Windows cewa ta gano kuskure a cikin kayan ƙarfe wanda ba ta iya gyarawa. A kwamfutar da anka ɗaga ma gudu kusan kullum ma'anarsa gudun ya fi ƙarfin boltaj ɗin da ke isa gare ta a wanga zafi. Ƙanensa shi ne CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT, 0x101, wani kor ya sandare bai amsa ba, magani iri ɗaya. Saboda haka sake sa Windows bai yi maka komai ba, ba can ciwon yake ba. In kuwa rubutun na canzawa ne yau MEMORY_MANAGEMENT gobe IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL jibi PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, ko manhaja ta rufe kanta ba dalili, ko fayil ɗin zip ya ce ya lalace, to ram ake fara tuhuma. In allo ya yi baƙi sauti na ci gaba, ko ka ga VIDEO_TDR_FAILURE, kart girafik ce ko direbanta.

Ɗaukewa tashi ɗaya kamar an zare fulogi, ba shuɗi ba komai, wanga ni alim nake fara kallo da wutar bango. In ka buɗe Event Viewer, ko Observateur d'événements in Windows ɗinka na Faransanci ne, za ka ga Kernel-Power 41, amma kada ya ruɗe ka, wanga ba ya faɗin dalili, cewa kawai yake kwamfuta ta mutu ba a kashe ta yadda ya kamata ba. Abin da ya fi amfani can shi ne ka nemi WHEA-Logger lamba 19, kurakurai ne da anka gyara a ɓoye ba ka gani ba. In suna nan da yawa to ko kwamfuta ba ta faɗi ba saitin bai zauna ba.

Batun alim ɗinka zan faɗa maka gaskiya ko ba daɗi. Alim ɗin da ke zuwa kyauta cikin akwati, wat 500 ɗin da anka rubuta galibi ado ne. Juya shi ka karanta takardar da ke gefe, nemi layin +12V ka ga amfiya nawa, ninka da 12, wanga shi ne ƙarfin gaske don furosesa da kart girafik duk daga nan suke sha. In ka ga 20A to wat 240 kenan, alhali GTX 1660 Super kaɗai wajen wat 125 take ci, furosesar a 5 GHz kuma tana iya wuce wat 130 cikin aiki mai nauyi. Kuma irin waɗanga alim ƙarfinsu na raguwa in sunka yi zafi. A shagona kwamfutocin da ake kawowa da ciwon "tana ɗaukewa da kanta" cikin bazara, mafi yawansu da na canza alim zancen ke mutuwa, wasu in ka buɗe ma za ka ga kondansatar ta kumbura. Kai kada ka buɗe shi, yana riƙe wuta ko bayan an cire daga bango. In kana da mita, auna waya rawaya da baƙa lokacin da kwamfuta ke cikin aiki, ƙa'idar ATX ta yarda da 11.4 zuwa 12.6, in tana sauka ƙasa da haka ka samu ɓarawonka. Sai dai mita ba ta kama faɗuwar da ke zuwa cikin ƙiftawar ido, don haka in ta nuna daidai ba ta wanke shi ba, gwajin da ya fi shi ne aron alim mai kyau na yini guda.

Wutar bango kuma kai ma ka san yadda take da zafi, kowa ya kunna fanka da kilim da firij, tansiyon ya sauka, ga lokacin da ake juyawa daga wutar gari zuwa gurup. Lura ko ɗaukewar na zuwa daidai lokacin da fitila ta yi ƙyaf ko firij ɗin maƙwabci ya tashi. Ondilar, wato UPS mai baturi, mai gyara tansiyon a ciki tana maganin wanga, amma ka duba wat ɗinta ba VA ba, mai 650 VA wajen wat 360 zuwa 390 kawai take ɗauka, ta yi ma irin kwamfutarka kaɗan in ka haɗa da allo, nemi 1000 VA ko sama. In baturinta ya mutu kuma ita da babu duk ɗaya.

Yadda zan bi in gabana take

Dokar duka aikin ita ce abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta a takarda. Wanda ya canza abu uku kwamfuta ta gyaru ko ta ƙara lalacewa bai koyi komai ba.

Shiga BIOS ka mayar da komai yadda ya zo daga kamfani, har XMP ka kashe. Eh har shi, don XMP ma ɗaga gudun ram ne, Intel DDR4 2666 ta yi alkawari a wagga furosesa, 3200 ɗin da ram ɗinka ke yi ya wuce alkawarin ko da yake kusan duk 9600K na ɗaukar shi ba wahala. Sauke HWiNFO64, manhajar da ke nuna zafi da boltaj, kyauta ne, buɗe sashen firikwensin ka bar shi a gefe, sannan ka fitar da bidiyon nan dai da ya saba kashe ta, kuma da rana tsaka ba da asuba ba. In ta gama lafiya sau biyu uku, to furosesarka ƙalau take kuma saitin ne. In har a haka ta ɗauke, to obakulok, wato ɗaga gudun nan, ba shi ne tushen ba, koma kan alim, wuta, ram da ƙura.

Daga nan tsafta. Kashe, cire daga bango, fitar da ita waje, hura da abin hura iska kana riƙe da fankokin da yatsa kada su yi ta juyawa a banza. Cire abin sanyayawa ka goge tsohon man da ke tsakani da alkol, sa sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ɗaure kusoshin a giciye kaɗan kaɗan. Ba ka faɗa mini wane abin sanyayawa gare ka ba kuma 9600K ba ta zuwa da nata, in ɗan ƙaramin nan ne mai zagaye irin na kwamfutar ofis to ka manta da zancen ɗaga gudu gaba ɗaya sai ka samu mai hasumiya da fanka 120 mm aƙalla. Na ruwa ba dole ba ne, mai iska babba ya fi mini kwanciyar hankali a nan don ba fanfon da zai mutu ba ka sani ba. Akwatin kuma ɗauke shi daga ƙasa, kada ka cusa shi cikin lungun tebur, a samu fanka na shigo da iska ta gaba wani na fitarwa ta baya. Cire murfin gefe ka ɗora fankar ɗaki yana sauke zafi kam, gwaji ne mai kyau ma, in faɗuwar ta tsaya da ka yi haka ka tabbatar zafi ne, amma ba wurin zama ba ne saboda ƙura.

Sai ram. Kunna XMP shi kaɗai, in BIOS ta tambaye ka ko ta kunna wani ƙarin gudu na dukan kor tare da shi ka ce a'a. Sa MemTest86 a kile USB, tashi daga kanta, bar shi ya zagaya sau 4, zai ɗau awoyi don haka da dare ya fi. Kuskure ko ɗaya ne bai karɓuwa. In ya fito, gwada baret ɗaya ɗaya, goge haƙoransu, tabbatar suna ramin na 2 da na 4 daga furosesa in ramuka huɗu ne, in ya ƙi sauke zuwa 3000. Ka kuma leƙa VCCIO da VCCSA, boltaj biyu masu alaƙa da ram, a HWiNFO, wasu kart mer in an kunna XMP sai su kai su 1.3 ko fiye ba gaira ba dalili, ga 3200 wajen 1.10 zuwa 1.15 yawanci ya isa, kuma saukewar na rage zafi.

Yanzu ne za a taɓa furosesa. Fara da 46 a dukan kor, boltaj ka cire shi daga Auto ka sa da hannu, 1.25 wuri ne mai kyau na farawa. Lambar cache ko ring ka bar ta 43 ko yadda take, ribarta kaɗan ce rikicinta da yawa. Sai LLC, wanda shi ne mutane ke tsallakewa. In aiki ya yi nauyi boltaj na sauka ƙasa da abin da ka rubuta, kamar dai fanfon unguwa da safe in kowa ya buɗe nasa sai ruwan ya rage ƙarfi, to LLC shi ke rage wagga saukar. Kada ka kai shi ƙarshe, in ya yi tsauri da yawa boltaj na yin tsalle sama duk lokacin da aiki ya tsaya kwatsam kuma manhaja ba ta nuna maka wanga tsallen. Tsakiya ko sama da tsakiya kaɗan. Yi hankali don kamfanonin ba su jitu ba, a ASUS babbar lamba ita ce mai tsauri, a MSI da ASRock lamba 1 ce mai tsauri, Gigabyte kuma sunaye take sawa irin Medium, High, Turbo. Lambar da za ka yarda da ita ita ce Vcore, wato boltaj ɗin furosesa, da HWiNFO ke nunawa cikin aiki, ba wadda ka rubuta a BIOS ba.

Gwajin farko gajere, Cinebench R23 na minti 10 kana kallon zafi. In ta wuce, OCCT ko Prime95 na awa guda. In ta wuce wanga ma, ka zaɓi ɗaya, ko ka hau 47 ko ka rage boltaj da 0.01 ka sake. In ta faɗi kuma zafi bai kai 85 ba, ƙara 0.01. In ta faɗi ko ba ta faɗi ba amma zafi ya wuce 85 zuwa 90, ka kai bango, sauko da lamba ɗaya, ba zancen ƙari. Masu wanga harka galibi suna ɗaukar 1.35 a matsayin iyakar amfanin yau da kullum ga furosesar wanga zamani, amma wanga lissafin masu ɗaki mai sanyi ne, ni a Maradi ba na wuce 1.30 ma kwastoma, kuma yawanci zafi ne ke tsayar da mu kafin ma mu kai can. Prime95 a Small FFTs da AVX kunne yana gasa furosesa fiye da duk wani aiki da za ka taɓa yi, wasu na cewa ɓata lokaci ne, ni ina ganin ga mai wasa ya yi yawa amma ga mai fitar da bidiyo ba laifi a ɗan gwada na ƴan mintoci, in ya haura 95 ka tsayar. Akwai kuma AVX offset a BIOS, in ka sa 2 to duk lokacin da aikin AVX ya zo furosesar za ta sauka da 200 MHz. Yana taimakon mai wasa, amma kai da aikinka ke jawo AVX ɗin, in ka sa 49 da offset 2 to a 47 kake aiki, gara ka sa 47 ɗin kai tsaye ka huta.

In ka yi wani saiti ta ƙi tashi sam, allo baƙi fanka na juyawa, ba ta mutu ba. Cire daga bango, ciro ƙaramin baturin CR2032 na ƴan mintoci ko ka haɗa ƙafafun CLR_CMOS biyu da sukurdireba, za ta koma saitin kamfani.

Gwajin ƙarshe ba manhaja ba ce, aikinka ne. Jera bidiyon biki masu tsawo su yi ta fita a jere tun azahar har la'asar a rana mafi zafi, sannan ka koma ka duba ko WHEA 19 ya fito. Na sha ganin saiti ya wuce OCCT ya faɗi a aikin gaske, har ma akwai wanda ke faɗuwa lokacin da kwamfuta ba ta komai, don in ana amfani da boltaj mai sauka da hawa da kansa, wurin saukar ne yake yin ƙasa da yawa. Tunda kuma ta sha faɗuwa a baya, buɗe cmd a matsayin admin ka buga sfc /scannow don a gyara fayilolin Windows da sunka taɓu.

Ko ta samu lahani

Daga nesa ba zan iya rantse maka ba, sai an ga lambobin. Boltaj mai yawa tare da zafi na tsawon lokaci na cinye furosesa a hankali, alamarsa ita ce gudun da take riƙewa da can yanzu sai an ƙara mata boltaj. Ba tatsuniya ba ce, a 2024 Intel da kanta ta amince furosesocinta na ƙarni na 13 da 14 na tebur suna samun irin wanga lahani saboda boltaj da ya wuce kima ko ba a ɗaga musu gudu ba, har ta fitar da gyaran microcode 0x129 da 0x12B ta ƙara garanti na shekara 2. Taka ba ta cikinsu, ƙarni na 9 ce kuma suna da juriya, wata uku a Auto da wuya ya yi mata abin da za ka lura da shi. In ta wuce gwaji a saitin kamfani ka ɗauka lafiyarta lau. Kuma ba wanda zai iya faɗa maka lambar da taka za ta tsaya, furosesa biyu masu suna ɗaya daga kwali ɗaya ba sa zama daidai, wata ta yi 5.0 da 1.30 wata ko an ba ta 1.40 ta ƙi. Abin da na fi gani a nan cikin zafi da abin sanyayawa mai kyau shi ne 4.6 zuwa 4.8.

To yanzu yi lissafi da kanka. 4.7 bisa 4.3 ƙarin kashi 9 ne, 5.0 kashi 16. Bidiyon da ke fita cikin minti 60 a saitin kamfani, in komai ya tafi daidai zai fita wajen minti 55 a 4.7, wajen 52 a 5.0. Minti uku kake ma wanga wahala, faɗuwa ɗaya a minti na 50 ta cinye ribar mako. Alhali akwai abin da ke hannunka da ya fi wanga nesa ba kusa ba, GTX 1660 Super na da NVENC, sashe ne na musamman na matse bidiyo, kuma Premiere tun sigar 14.2 ta 2020 tana amfani da shi wajen fitar da H.264 da HEVC. A tagar fitarwa duba inda ake zaɓen encoding, mayar da shi na hardware in yana kan software, kuma a saitin furoje ka tabbatar Mercury na kan CUDA. Lokacin fitarwa na raguwa sosai, furosesar kuma ta samu sauƙi don an ɗauke mata mafi nauyin kayan. In wata rana kuɗi sun samu kuma kana son ƙarfin furosesa na gaske, i7-9700K mai kor 8 ko i9-9900K na shiga wagga kart mer ɗin ba sai ka canza komai ba, sai dai 9900K ta fi taka zafi da cin wuta nesa, kada ka ɗora ta bisa wanga alim.

In kuɗin abu ɗaya gare ka yanzu, alim ne, mai wat 550 ko 650 na kamfanin da anka sani, da tambarin 80 Plus Bronze aƙalla, kuma ka ɗaga shi a hannu ka ji nauyi don jabu sun yi yawa a kasuwa. Bayan shi abin sanyayawa, sannan ondilar. BIOS ɗin Z390 na barin ka aje saiti fiye da ɗaya da suna, to ka aje biyu, na bazara a saitin kamfani ko 46 wanda za ka zauna kansa daga Maris har damina ta kankama, da na hunturu a duk lambar da gwaji ya ba ka. In ka yi zagayen farko a saitin kamfani turo mini sunan kart mer ɗin cikakke, hoton takardar gefen alim, da mafi girman zafi da Vcore da HWiNFO ya nuna lokacin fitar da bidiyo, daga nan sai mu san lambar da za mu fara da ita.